Katin Musa na Gawu

Na san abin da aka gaya muku game da yadda na bar aiki a asibitin nan na Suleja, domin ni ma na ji shi da kunnena a wajen wani ɗaurin aure a Wambai, mai faɗin bai san ina zaune a bayansa ba. An ce mahaifinku tsoho ne da kwamfuta ta tsorata, ya kwashe katunan marasa lafiya ya ɓoye a gidansa don baƙin ciki, har wani bawan Allah ya rasa ransa a dalilin haka. Shekara da shekaru ina haɗiye wannan magana. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara dishi-dishi, ba kuwa zan tafi in bar muku ita a yadda take ba. Zan faɗi abin da aka yi, zan kuma faɗi laifina, don ina da shi, sai dai ba shi ne wanda ake ɗora mini ba.

Maganar tsoron kwamfuta dai ƙarya ce tsagwaronta. Ni na ɗauko kwamfutar farko da ta shiga asibitin nan, a kan cinyata na riƙo ta cikin mota tun daga Kaduna. Kafin nan na yi aikin ajiye bayanan marasa lafiya a Kartum, na yi a Yamai, na yi shekara uku a Kumasi, an kuma tura ni kwas Ingila. Duk inda na je, abin da nakan fara lura da shi shi ne yadda mutanen wurin ke rarrabe wane da wane. A Sudan ba a karɓar sunanka sai ka jera huɗu, naka da na ubanka da na kakanka da na uban kakanka, kafin ka gama an san ko kai wane ne. A Ingila kowa na da takardar ranar haihuwarsa, tsohuwar da ta manta sunan jikanta ma ba ta manta wannan rana. A Yamai akawunansu sun fi namu gaskiya, in mutum bai san ranar ba sai su rubuta da Faransanci cewa an haife shi wajajen shekara kaza, su bar shi haka. Mu a nan ba mu iya ganin gurbi fayau mu ƙyale shi. Manomi ya zo daga ƙauye, a tambaye shi yaushe aka haife shi, ya ce da damina ne, lokacin kakansa na da rai. Sai akawu ya dubi furfurarsa, ya tambaye shi ko ya yi wayo lokacin yaƙin basasa, ya zaɓa masa shekara mai ƙarewa da sifili ko biyar, ya rubuta ɗaya ga Janairu. Da za a gaskata katunanmu, rabin mutanen ƙasar Suleja rana ɗaya aka haife su. Sunayen kuma kun san su, Musa, Adamu, Ibrahim, A'isha, ana ta juya su gaba da baya.

Abin da ya hana mu ba wani maganin wani shi ne Madam Rifkatu, mataimakiyata a ɗakin kati. Mutuniyar kudancin Kaduna ce, aikin koyarwa ya kawo mijinta Suleja, ita kuma ta san garin fiye da wasu da aka binne cibiyarsu a cikinsa. Tsohon tsarinmu baƙin allo ne mai koren rubutu, ba shi da ado ko kaɗan, amma a ƙasan shafin kowane mutum akwai gurbin ƙarin bayani, inda za ka rubuta abin da ka ga dama. A nan Madam Rifkatu ke rubuta mutum kamar yadda za ta kwatanta shi ga maƙwabciyarta: A'isha matar mai gyaran keke ta bakin tasha, Ibrahim dogo mai tsage uku, Laraba wadda ta haifi tagwaye bara. Rabi da Hausa, rabi da Turanci, wani lokaci har da kalmar Gbagyi. Idan kuma akwai maganin da jikin mutum ba ya karɓa, nan ne take rubuta gargaɗin da manyan baƙaƙe, sannan ta sake rubuta shi da jan biro a goshin babban katinsa na takarda. Ƙaramin katin lamba da muke ba marasa lafiya su tafi da shi, yawancinsu kan dawo su ce ruwa ya jiƙa shi ko akuya ta cinye. Sai mu buga suna, Ibrahim bakwai su fito, mu ɗaga kai mu dubi fuskar wanda ke tsaye, mu duba gurbin nan, mu gane namu.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in mai asibitin, wanda zan kira Dokta kawai, ya buɗe reshe a Abuja. Ya so yana zaune can ya buɗe shafin mara lafiya na Suleja ta layin tarho, kamar yadda aka fara yi a ƙasashen waje. Ni na fara cewa madalla. Sai dai tsohon rumbun bayananmu ba zai iya wannan ba, dole a kwashe duk abin da ke cikinsa a zuba a wani sabo. Dokta ya ɗauko ɗan wansa, Injiniya Kabiru, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba. Ba zan ce bai san aikinsa ba. Na'ura ya sani, mutane ne bai sani ba, bai kuma ga dalilin tambaya ba. Yana kirana Baba, amma irin Baban da ake ce wa mai gadi.

Abu biyu kawai na roƙa a zaman da muka yi a ofishin Dokta. Na ce a bar tsohon tsari da sabo su yi tafiya tare wata uku, kamar yadda na ga an yi a Ingila. Na ce kuma bayan an kwashe, a zaro kati ɗari ba tare da zaɓe ba, a gwada kowanne da abin da sabon ya nuna. Injiniya ya yi dariya, ya dubi baffansa.

"Baba, ai wannan ba kwasar dawa ba ce daga rumbu zuwa rumbu. Na'ura ce za ta yi, ba ta gajiya, ba ta mantuwa."

Na ce masa ko dawa ce, mai kwasa yakan leƙa ya ga abin da ya bari a ƙasa. Dokta ya duba agogonsa ya ce wata uku ya yi yawa, an riga an sa ranar buɗe reshen, an gayyaci manya.

A Asabar da Lahadi guda aka yi kwasar. Ranar Litinin na tarar da Injiniya sai walwala yake yi, yana nuna wa nas-nas sabbin shafuka masu launi. Na tambaye shi mutum nawa ne a tsohon rumbu, nawa ne a sabo. Ya ce sun ragu da ɗaruruwa, kuma yana faɗi yana alfahari, wai ya share mana maimaici da muka tara shekara da shekaru saboda rashin tsari. Dokar sabon rumbun ita ce, in suna ɗaya ne kuma ranar haihuwa ɗaya ce, to mutum ɗaya ne, sai ya haɗe su. A Ingila wannan doka ba ta da aibu. A Suleja kuwa, inda akawu ke raba wa jama'a ɗaya ga Janairu kamar goron suna, wannan doka guba ce. Na tambaye shi ina gurbin ƙarin bayani. Ya ce tsohon tsarin a wani fayil dabam yake ajiye shi, ya buɗe ya ga matar mai gyaran keke da mai tsage uku, ya ga hirar kasuwa ce, ya bar ta a can.

Na ja kujera na buga Musa Adamu. Muna da su uku, duka akawu ya ba su shekara ɗaya da rana ɗaya. Ɗaya direban tasi ne a hanyar Abuja, ɗaya tela ne a nan unguwarmu ta Hashimi, na ukun manomin doya ne daga Gawu Babangida, mai guntun yatsa a hannun hagu. Wannan na ukun an taɓa yi masa allurar fenisilin shekarun baya, da idona na ga wuyansa ya kumbura, numfashi ya ƙi fita, da ƙyar aka ceto shi. Tun ranar Madam Rifkatu ta rubuta a gurbinsa da goshin katinsa cewa Musa na Gawu, mai yatsa, kada a yi masa fenisilin har abada. Allon ya nuna mini Musa ɗaya tak, ɗauke da ciwon mutum uku, babu gargaɗi ko ɗigo.

Na tafi wajen Dokta na gaya masa. Ya saurare ni yana sa hannu a wasu takardu.

"Malam Idi, kowane sabon abu sai an yi masa 'yan gyare-gyare. Kabiru zai duba. Kai dai sa mini hannu a nan cewa an kammala kwasa lafiya."

Na ce ba zan sa ba. Na ce a dawo da tsohuwar kwamfutar, aka ce an riga an goge ta an kai wa sakatariya tana buga wasiƙu. Na ce to a ci gaba da zaro katin takarda ga kowane mara lafiya har a gyara, ya ce ɗakin kati za a share a sa sabuwar na'ura da abin sanyaya ɗaki, katunan kuma ƙona su za a yi, don asibitin zamani ba ya tafiya da ƙurar takarda. Madam Rifkatu, wadda ita kaɗai ke iya gane mutanen nan da ido, aka mayar da ita sito tana ninke zannuwan gado, wai hannunta ba ya sauri a kan sabon tsari. Mace ta yi shekaru tana riƙe da rayukan mutane a bakin bironta, wanda bai taɓa gaisawa da mara lafiya ko ɗaya ba ya zo ya kira aikinta hirar kasuwa.

Ranar Laraba na zagaya bayan kicin na tarar da katunan jibge kusa da ramin ƙona shara, ana jiran a samo kananzir. Da na fito ƙofar asibiti sai na ga mai ƙosai ta riga ta ɗebi nata, tana naɗe wa wani ɗan acaɓa ƙosai a cikin katin wata matar aure da na sani, ciwon da ko mijinta ba ta gaya wa ba yana shan mai a hannun baƙo. Ban yi shawara da kowa ba. Na tafi tasha na ɗauko akori-kura, da rana tsaka, a gaban mai gadi da nas-nas, muka loda katunan nan kaf. Na rubuta wa Dokta takarda cewa suna gidana a Hashimi, duk ranar da asibiti ya buƙace su a aiko. Wannan ita ce satar da ake faɗi. Ban taɓa jin ɓarawon da ya bar adireshinsa ba. Washegari aka miƙo mini takardar kora, an rubuta cewa na sace kayan asibiti, aka kuma gaya wa mai gadi kada ya bar ni in shiga.

Manyanku za su tuna ɗakin baƙi cike da kwalaye har bakin taga, kuna ƙorafin warin tsohuwar takarda. Mahaifiyarku ba ta yi mini faɗan aikin da na rasa ba, ko sau ɗaya. Tambayata ta yi, a cikin tulin nan wanne ne zai iya kashe mutum gobe. Na ce masu jan biro. Ta ce to mu zaro su. Kwana huɗu muka yi, daga hantsi zuwa la'asar, ita tana zaro duk katin da ta ga ja a goshinsa tana miƙo mini, ni ina rubuta suna da kwatance da maganin da aka hana. Ranar Litinin da safe jerin ya kammala, shafi uku, na rubuta shi da hannuna mai kyau yadda za a manna a bangon ɗakin allura. Sunan Musa na Gawu shi ne na huɗu a shafin farko.

Ga laifina, ku karanta shi a hankali. Mahaifiyarku ta ninke takardar ta sa a ambulan ta ajiye kusa da hulata.

"Malam, ka kai musu yau."

Na ce an hana ni shiga. Ta ce Madam Rifkatu ta bakin layinmu take wucewa kullum da safe, in ba ta. Na ce su suka kore ni, suka kira ni ɓarawo, to su tako ƙafa su zo ƙofar gidana su roƙa. Na tabbata kafin mako ya ƙare sabon tsarin zai rikice musu, Dokta da kansa zai zo ya yi sallama a zaure. Ina son in ga wannan rana, ina son ta fiye da yadda zan iya gaya muku. Sai ta ce:

"Ai ba Dokta ake yi wa allurar ba."

Na ji ta sarai. Na ɗauki hulata na bar ambulan a wurin. Ranar Talata ta sake yi mini magana, na ce gobe. Ranar Laraba da Alhamis kuwa, in na zo ɗaukar hula sai in ga ta matso da ambulan kusa da ita.

Ranar Juma'a da safe aka kawo Musa daga Gawu, fartanya ta sare shi a ƙafa kwana biyar da suka wuce, ƙafar ta kumbura ta yi ruwa. Nas ɗin da ke ɗakin allura sabuwa ce, daga reshen Abuja aka kawo ta, kuma ban taɓa ɗora mata laifi ba. An gaya mini Musa ya faɗa mata da bakinsa cewa akwai wata allura da jikinsa ba ya so, bai san sunanta ba, amma tana rubuce a katinsa, Madam ta sani. Nas ta yi abin da aka koya mata, ta buɗe shafinsa. Shafin ya nuna an yi wa Musa Adamu fenisilin har sau biyu ba tare da wata matsala ba. Gaskiya ne kuwa, an yi wa Musa direba. Ta ce masa kada ya damu, ta duba.

Bayan an sauko daga masallaci na tarar da Madam Rifkatu tsaye a ƙofar gida, ɗankwalinta a hannu. Mahaifiyarku ta yi ta yi da ita ta shigo, ta ƙi.

"Baba, Musa na Gawu. Mai yatsa."

An yi masa allurar, ta yi ajalinsa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa na ɗauki biro yau. Dokta ya gaya wa dangin Musa cewa gargaɗin na kan kati, katin kuma wani tsohon ma'aikaci ya sace. Bai gaya musu shi ya ce a ƙona ba. Bai gaya musu an haɗe ɗan'uwansu da wasu mutum biyu ba. A Ingila da an zauna an bi sawun kuskuren ɗaya bayan ɗaya har a kai ga wanda ya ce a share maimaici. A nan aka ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne kwana ya ƙare, amma na tsani yadda masu hannu a cikin abu ke rigan kowa faɗin haka. Mako guda bayan nan motar asibiti ta tsaya a ƙofar gidana, direba ya ce an aiko shi ɗaukar wasu kwalaye, ko gaisuwa ba a haɗo shi da ita ba. Na ba shi duka, har da kwafin jerin nan, ban riƙe komai ba sai kati ɗaya. Injiniya ya sake kwasar tun daga farko da katunan nan, ya raba waɗanda ya haɗe, ya buɗe gurbin ƙarin bayani, aka dawo da Madam Rifkatu daga sito ta cika shi daga katunan da na hana a ƙona. Aka bar kati da na'ura suna tafiya tare wata uku. Daga baya na ji ana yabon Injiniya a kan wannan hikima. Ni kuwa ba wanda ya janye takardar korata. Na koma yin tafinta a kotu, ina juya maganar mutane daga Gbagyi da Larabci da Faransanci, a masallacin unguwa kuma akwai waɗanda suka daina ba ni hannu.

Bayan sadakar arba'in yayan Musa, wani dattijo mai suna Tanko, ya yi sallama da ni a zaure. Ya ce ya zo ya ga mutumin da aka ce ya kashe ƙaninsa. Na yi masa magana da Gbagyi don kada kalma ɗaya ta ɓace a tsakaninmu. Na ba shi labarin ramin shara da mai ƙosai da Musa uku da aka mayar ɗaya. Na nuna masa katin da jan rubutun. Ya gyaɗa kai, ya ce ya yarda, ya ce dama zuciyarsa ba ta kwanta da maganar Dokta ba. Da na tsaya nan da ya tafi yana sa mini albarka. Amma mahaifiyarku na tsaye bayan labule, ina jin motsinta, sai na ɗauko ambulan ɗin na buɗe masa, na gaya masa mene ne. Bai iya karatu ba, ya ce in ɗora yatsansa a kan sunan ƙaninsa. Na ɗora.

"Malam Idi, yaushe ka gama rubuta wannan?"

Na ce ranar Litinin.

Ya ƙirga a yatsunsa, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis. Ya tsaya yana kallon yatsu huɗun nan a miƙe. Bai zage ni ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya sa takalmansa ya fita, ban sake ganinsa ba.

Katin Musa da ambulan ɗin suna cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, tare da takardun gidan nan. Kada ku ƙona su. Duk wanda ya ce muku mahaifinku ya saci katunan asibiti, ku ce masa daga bakin ramin shara ya kwashe su, da rana tsaka, kuma da su aka gyara abin da masu ilimin na'ura suka ɓata. Ku faɗa da ƙarfi, ban ji kunyar wannan ba. In ya gamsu ya juya zai tafi, ku kira shi ya dawo, ku gaya masa kwana huɗun.